Me ya sa rajista a manhajojin ƙasashen waje ta koma kamar neman biza?

Abu_Fadila:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni, kuma ina roƙon waɗanda suka san harkar su ba ni amsa ta gaskiya. Akwai wata manhaja da abokan hulɗata na waje suke amfani da ita, sun ce ta nan kawai za mu riƙa magana. Na sauke ta lafiya lau, na cike suna, na sa lambar waya, aka ce an turo min lambar tantancewa ta saƙon tes. Shiru. Na danna a sake turowa, shiru. Da na matsa sai ta ce na cika gwaji, in dawo daga baya. Wata kuma ko a Play Store ba na iya sauke ta, sai dai a ce min babu ita a ƙasarmu. Akwai kuma wadda ta karɓe ni hannu bibbiyu, da aka zo biyan kuɗin wata ta ƙi katina. Da gangan suke tace mutane ne, ko akwai abin da ban gane ba?

Gimbiya22:
Wa'alaikumus salam. Wallahi kamar ka shiga zuciyata. Ni yanzu in na ga an rubuta "mun tura miki lamba" sai in ajiye wayar in ci gaba da aikina, don na san sai ta ga dama za ta zo. In ma ta zo, lokacinta ya riga ya ƙare.

Jarumi_Sak:
Da gangan ne mana. Suna ganin lambar ƙasarka su ja ƙofa. Wane dogon bincike za a yi?

Injiniya_Bala:
Malam Abu_Fadila, matsaloli daban-daban ka haɗa wuri guda, kowacce da dalilinta. Bari in ɗauki ta saƙon tes, don ita na fi sani. Manhajar ba da kanta take turo maka saƙon ba. Tana biyan wani kamfani ɗan tsakiya, shi ma wani lokaci ya miƙa wa wani, kafin saƙon ya iso kamfanin layinka. Kowane saƙo ɗaya kuɗi ne, kuma kuɗin ya bambanta ƙwarai daga ƙasa zuwa ƙasa. In ɗan tsakiyan ya bi hanya mai araha, kamfanin layinka yana iya ɗaukar saƙon a matsayin talla ko damfara ya tare shi. A wajen manhajar an tura, a wajenka bai zo ba, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinku.

Sai kuma wata damfara da ta ja wa kowa. Wasu suna haɗa baki da ƙananan kamfanonin sadarwa, su sa kwamfuta ta yi ta neman lambar tantancewa zuwa dubban layukan da babu kowa a kansu. Manhaja ta biya kuɗin saƙonnin, su kuma su raba. A farkon 2023 Elon Musk ya ce Twitter tana asarar dala miliyan 60 a shekara ta wannan hanya, kuma daga 20 ga Maris na shekarar suka janye tantancewa ta saƙon tes ga duk wanda ba ya biyan kuɗin wata. Twitter ke nan da girmanta. Ƙaramar manhaja ba ta da ma'aikatan da za su bi diddigin kowane layi, sai ta duba ƙasashen da kuɗin saƙonsu ya hau ta rufe su baki ɗaya.

Jarumi_Sak:
@Injiniya_Bala to ai maganata ka maimaita, ka dai sa mata babbar riga. Tsiraru sun yi laifi an hukunta miliyoyi. In ba tacewa ba, mene ne sunan wannan?

Injiniya_Bala:
Ban ce adalci ba ne. Na ce lissafin kuɗi ne. Bambancin yana da amfani, don wanda ya rufe saboda kuɗi yakan bar wata ƙofa, kamar imel ko kira.

Likitan_Waya:
Yallaɓai mai tambaya, kafin mu kai ga Elon Musk, duba waɗannan tukuna. In ka zaɓi lambar ƙasa, cire sifilin farko na lambarka, wasu manhajojin ba sa cirewa da kansu. Duba ko ka taɓa kunna tsarin hana saƙonnin talla a layinka, don yakan haɗa da saƙonnin tantancewa ya tare. Leƙa wurin da wayar ke jefa saƙonnin da take zargi. In akwai zaɓin a kira ka a karanto maka lambar, kamar yadda WhatsApp ke yi, ɗauki wannan, ya fi saƙo tabbas. Kuma don Allah a daina danna "sake turowa" ba ƙaƙƙautawa. Na'urarsu ba ta san kai mutum ne mai gaggawa ba, gani take irin kwamfutocin da Injiniya ya ambata ne, sai ta kulle lambar na awoyi. Mutane da yawa da ke kawo min waya da wannan kukan, da hannunsu suka ja wa kansu kullen.

Abu_Fadila:
Na gode Likita. Babu sifili, kuma na duba duk inda ka ce. Zaɓin kira kuwa babu shi sam a wannan manhajar. Saƙonnin banki da na sauran manhajoji suna shigowa a layin ba matsala.

Likitan_Waya:
To in haka ne daga can ne. Gwada layin wani kamfanin daban in kana da shi, amma ka bari kullen ya sauka tukuna.

Dalibi_a_Sin:
Ku da kuke kukan saƙon tes, ku zo ku ga na nan ɓangaren. A Sin tun da dokar tsaron intanet ta fara aiki a ranar 1 ga Yunin 2017, kusan komai sai da sunan gaskiya, kuma lambar waya ita ce shaidar, tunda ba a sayen layi sai da katin shaida ko fasfo. WeChat, babbar manhajar hira ta nan, tana karɓar lambobin waje, amma sau da yawa takan ce sai wani mai asusu ya tsaya maka. Za ta nuna maka hoton QR, shi kuma ya ɗauka da tasa wayar. Ba kowa ne zai iya ba: sai asusunsa ya ɗan daɗe, ba a kulle shi kwanan nan ba, kuma bai tsaya wa wani ba a 'yan kwanakin. Ka ga wanda bai san kowa ba ya shiga uku. Douyin kuma, wadda ita ce TikTok ɗin cikin gida, daban take da TikTok da kuka sani duk da kamfani ɗaya ne, ByteDance. TikTok ɗinku ba ta aiki a nan, tasu kuma ba a gina ta don na waje ba. Abin da ya yi sauƙi shi ne biyan kuɗi, don a 2023 aka buɗe wa baƙi su haɗa katin Visa ko Mastercard na waje da Alipay da WeChat Pay. Kafin nan baƙo yakan sha wuya sosai.

Ummu_Nabil:
@Dalibi_a_Sin ƙanena, dama ina son in tambayi wannan. Wani da ban sani ba ya taɓa turo min irin hoton nan a wani zaure, wai in taimaka in ɗauka don ya buɗe asusu, har da magiya da haɗa ni da Allah. Ban yi ba. Akwai haɗari ne ko tsorona ne kawai?

Dalibi_a_Sin:
Anti kin yi daidai. Ɗaukar hoton nan tamkar kin ce kin san shi ne. In ya je ya yi damfara da asusun, naki ma zai iya shiga matsala. Ni sai wanda na sani ido da ido.

Mai_Shakka:
Ina so in ɗan taka wa @Jarumi_Sak birki. Wannan abu ba a kan talakawan ƙasashe kaɗai yake faɗawa ba. Da Meta ta fito da Threads a Yulin 2023, mutanen Tarayyar Turai ba su samu ba sai a Disamba, saboda kamfanin yana tsoron dokokinsu. A ranar 25 ga Mayun 2018 da dokar kare bayanai ta Turai ta fara aiki, jaridun Amurka irin su Los Angeles Times da Chicago Tribune rufe shafukansu suka yi ga masu shiga daga Turai. Indiya ta haramta manhajojin Sin 59 a ƙarshen Yunin 2020, har da TikTok da WeChat. A nan gwamnatinsu ce ta rufe, ba kamfanin ba. Su kansu Amurkawa a Janairun 2025 da suka ga ana shirin rufe musu TikTok, tururuwa suka yi zuwa wata manhajar Sin mai suna Xiaohongshu, suna ta fama da rubutun Sinanci da ba su iya karantawa. Kowa da inda ƙofa ke rufe masa.

Jarumi_Sak:
Malam Mai_Shakka, Turawan nan wata biyar suka jira, kuma an faɗa musu dalili, jaridu suka yi ta rubutu a kai. Mu wa ya taɓa faɗa mana dalili? Sai dai "an samu matsala, sake gwadawa". Kuma su dokarsu ce ta kare su har kamfani ya ji tsoro. Mu tsoron me ake ji, in ba zargi ba?

Gimbiya22:
Nan kam Jarumi ya yi gaskiya. Rashin faɗin dalilin ya fi ƙona min rai. Da za su rubuta ƙarara cewa ba sa karɓar lambar ƙasata, da na huta da ɓata data.

Injiniya_Bala:
Ɓoye dalilin ma da gangan ne, don in suka faɗi ainihin abin da ya sa suka ƙi ka, 'yan damfara za su gyara nasu su dawo. Sai mai gaskiya ya zauna cikin duhu tare da su.

Kawu_Tanko:
Ku yara kuna maganar manyan abubuwa. Ni abin da ya ishe ni shi ne hotunan nan da ake cewa in zaɓa don in nuna ni ba na'ura ba ne. A yanka hoto gida tara, a ce in danna duk inda akwai famfon kashe gobara na bakin titi. Ni ban taɓa ganinsa da idona ba, sai da jikana ya nuna min wani jan ƙarfe gajere ya ce shi ne. Na danna, aka kawo fitilar kan hanya. Sandar fitilar tana ciki ko ba ta ciki? Na danna har da sandar, aka ce ban ci ba. Aka kawo babura. Ga gilashina a hanci, ga hoton dishi-dishi, na kai minti nawa ina rantse wa na'ura cewa ni mutum ne.

Gimbiya22:
Kawu ka kashe ni da dariya. Allah ya ƙara lafiya.

Likitan_Waya:
Kawu, ba laifin idonka ba ne kaɗai. In adireshin intanet ɗin da kake fita da shi mutane da yawa ne ke amfani da shi, kamar yadda kamfanonin waya ke haɗa dubban masu data a kan adireshi ɗaya, to na'urar takan ƙara zargi ta yi ta jero maka hotuna. Wani lokaci sauyawa daga data zuwa wayifai kawai yana rage su.

Ramlatu_R:
Ba wanda ya taɓo maganar suna. Yayata sunanta Sa'adatu, fom ɗin wata manhaja ya ƙi karɓa saboda alamar da ke tsakiya, wai akwai harafin da bai halatta ba. Ta cire alamar, aka wuce. Da aka zo haɗawa da fasfo sai aka ce sunan bai yi daidai ba. Haka masu ƙ da ɗ a sunansu, su kam ma tun farko sun haƙura. Ga kuma gurbin rubuta lambar yanki ta gidan waya da wasu fom ke cewa dole sai lamba biyar irin ta Amurka. A Koriya ta Kudu abin ya fi haka tsanani, shafuka da yawa sai ka tantance kanka da layin ƙasar da aka yi wa rajista da katin zamanka, kuma sunan sai ya zo daidai da yadda kamfanin waya ya rubuta, har jerin sunayen da tazarar da ke tsakaninsu. Baƙi da ke zaune a can ma suna kuka da shi, balle wanda ke waje.

Mai_Shakka:
Ƙarin bayani kan Koriya: kotun tsarin mulkinsu ta soke dokar tilasta sunan gaskiya wajen yin sharhi a shafuka tun 2012. Amma tantancewa da layin waya ta zauna daram a wajen sayayya da wasanni da sauransu.

Sharp_Sharp99:
Ku kuna ta dogon turanci. Mai tambaya, sayi lambar waje ta haya a intanet, kunna VPN, wato manhajar da ke nuna kamar daga wata ƙasa kake shiga, ka zaɓi ƙasar da suke so, minti biyu ka gama. Ni duk asusuna haka na buɗe.

Hajiya_Binta:
@Sharp_Sharp99 ɗana, bari in ba ka labari. Haka wani yaro ya buɗe min asusu a wata manhajar da nake hulɗa da masu kaya a waje, da irin lambar nan ta haya. Abu ya yi ta tafiya lafiya, na tara abokan ciniki, duk hirarmu da hotunan rasit suna ciki. Ranar da na canza waya sai aka ce an tura lamba zuwa layin da aka yi rajista da shi. Wane layi? Yaron ya koma shafin da ya saya, lambar an daɗe da ba wani. Na rubuta wa kamfanin, suka ce in tabbatar ni ce mai lambar. Da me zan tabbatar? Haka asusun ya tafi da komai. Garin neman gira na rasa ido. Abin da ya fi tayar min da hankali, wanda ke riƙe da lambar yanzu in ya so zai iya shiga ya yi magana da mutanena da sunana.

Sharp_Sharp99:
Hajiya ai da an sa imel na ko-ta-kwana da hakan ba ta faru ba.

Injiniya_Bala:
Wasu manhajojin ba su da wannan zaɓin, lambar ce komai. Sannan yawancin manyan dandamali suna gane lambar da ba ta layin waya na gaske ba, akwai rumbun bayanai da ke nuna ko lamba ta SIM ce ko ta intanet. Shi ya sa ko lambar Google Voice, wadda ma sai kana Amurka ake ba ka, wurare da dama ba sa karɓa. VPN kuma adireshinka kawai yake canzawa. SIM ɗin da ke wayarka yana faɗin ƙasarka, agogon wayar yana faɗi, katin bankinka yana faɗi. In suka ga adireshi ya ce Kanada, sauran duka sun ce wani wuri, ba lallai su hana ka shiga ranar ba. Sukan bari sai ka zuba kuɗi ko ka tara mabiya, sannan a ce kawo shaidar zama. A manhajar kallo ko karatu asarar kaɗan ce. A wadda kuɗi ke ciki, ni ba zan ba ɗan'uwana wannan shawarar ba.

Sharp_Sharp99:
To in ƙofar gaba a rufe take fa? Mu zauna mu naɗe hannu?

Jarumi_Sak:
Tambayar da nake jira a amsa ke nan.

Akanta_Sani:
Bari in amsa wa mai tambaya ɓangaren kati, tunda an bar shi a baya. Lambobin farko na kowane kati, shida zuwa takwas, suna nuna bankin da ya bayar da shi, da ƙasar, da ko katin bashi ne ko na asusu ko wanda ake loda wa kuɗi. Kafin ka gama rubuta sauran sun san daga ina kake. Ƙin karɓar yana iya zuwa ta wuri uku. Ko bankinka ne bai buɗe katin ga biyan kuɗin waje ba, ko ya sa iyaka. Ko manhajar tana son ƙasar katin ta dace da ƙasar asusun. Ko kuma suna gwada adireshin da ka rubuta da wanda ke banki, tsarin da aka fi amfani da shi a Amurka da Birtaniya da Kanada, wanda bankunan wasu ƙasashe ba sa amsa shi. Fara kiran bankinka ka tambaye su ko sun ga yunƙurin cire kuɗin. In sun gani, su suka ƙi. In ba su gani ba, tun daga can aka tare. Masu tunanin canza ƙasar asusunsu na Apple kuma su sani sai sun kashe ragowar kuɗin da ke ciki, sun soke duk wani biyan wata-wata, kuma galibi za a nemi hanyar biya ta sabuwar ƙasar.

Abu_Fadila:
Allah ya saka da alheri Akanta. Wannan dabarar ta kiran banki ban taɓa tunaninta ba, zan yi.

Gimbiya22:
Saura hoton fuska. A ce ki kalli kyamara, ki juya hagu, ki juya dama, ki ƙifta ido, sannan a ce "ba mu ga fuska ba". Ni da fuskata! Sai na fita tsakar rana na tsaya ina fuskantar haske kafin wata ta yarda.

Mai_Shakka:
Wannan kam akwai bincike a kai. Hukumar NIST ta gwamnatin Amurka ta fitar da rahoto a Disambar 2019 bayan ta gwada tsare-tsaren gane fuska 189, ta samu da yawansu sun fi yin kuskure a fuskokin 'yan Afirka da 'yan gabashin Asiya.

Injiniya_Bala:
Haka ne, sai dai kuskuren da rahoton ya fi nunawa shi ne ɗaukar wani a matsayin wani. Abin da ya samu Gimbiya ya fi kama da ƙarancin haske da kyamarar gaba mai rauni. Amma duka biyun tushensu ɗaya, waɗanda suka gina abin ba da irin fuskarta da irin wayarta suka gwada ba.

Jarumi_Sak:
Sannu a hankali kuna dawowa layina.

Malam_Nuhu:
Akwai kuma takunkumi, wanda shi babu dabarar da za ta yi aiki ta halal. Kamfanin Amurka dole ya bi dokar ƙasarsa. A 2019 GitHub ta taƙaita asusun masu rubuta manhaja da ke Iran da Siriya da Kirimiya, mutanen da ba ruwansu da siyasa. Sai a farkon 2021 ta samu lasisi daga gwamnatin Amurka ta sake buɗe wa na Iran. Ina koyar da ɗalibai ta intanet daga ƙasashe daban-daban, kuma kafin in zaɓi manhajar da za mu yi darasi sai na duba jerin ƙasashen da take aiki, don kada in bar wani a waje.

Ummu_Nabil:
Ni fa ba duka tsananin nake ƙi ba. Ostireliya ta yi dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 buɗe asusu a dandalin sada zumunta, Birtaniya ma tun Yulin 2025 ana tantance shekaru a wasu shafukan. A matsayina na uwa, in wahalar rajista za ta hana yarona shiga inda bai kamata ba, to a ƙara.

Sharp_Sharp99:
Anti yaran nan sun fi mu sanin hanya. Makon da aka fara a Birtaniya, manhajojin VPN ne suka haye saman jerin waɗanda aka fi saukewa. Ku iyaye ne za ku tsaya a layi da fasfo, su sun daɗe da shigewa.

Ummu_Nabil:
Ko da rabi ta hana, ai an rage.

Kawu_Tanko:
Da can fa imel kawai ake nema da kalmar sirri. Na tuna Gmail ma da farko sai wani ya gayyace ka, daga 2004 har zuwa 2007, muna roƙon gayyata kamar abin arziki. Amma wannan ɗoki ne, kana samu ka shiga, ba a tambayi fasfonka ba.

Shugaban_Zaure:
Jama'a a dawo kan tambayar Malam Abu_Fadila. Maganar tarbiyyar yara a buɗe mata nata zaren, tana da faɗi. Kuma a daina turo sunayen shafukan sayar da lamba, na goge guda biyu.

Ramlatu_R:
Abin da ban gane ba, me ya sa dole sai lambar waya? Manhajar hira ta Signal ma da ake yabo kan sirri, ta kawo sunan laƙabi a 2024 don ka ɓoye lambarka ga mutane, amma rajista har yanzu sai da lamba.

Injiniya_Bala:
Don imel kyauta ne, mutum ɗaya zai buɗe ɗari kafin azahar. Layi kuwa sai an saya, a ƙasashe da yawa ma sai da katin shaida. Lambar ta zama hanya mafi araha da kamfani zai tabbatar mutum ɗaya ne, ba tare da ya ɗauki ma'aikaci ba. Matsalar ita ce lamba tana ɗauke da ƙasarka a goshinta, kuma ba taka ba ce har abada. Ka bar layi ba amfani na wasu watanni, kamfani ya sayar wa wani. Wanda ya saya ya je rajista a ce masa lambar nan tana da asusu. Shi ya sa duk inda aka ba ku zaɓin manhajar da ke samar da lambar tantancewa a cikin wayar ba tare da saƙo ba, ku kunna, ku kuma rubuta lambobin ko-ta-kwana da suke bayarwa a takarda.

Abu_Fadila:
Ga inda aka kwana. Na kira banki, sun ce ba su ga komai ba, to ke nan daga can aka tare katin. Ta saƙon tes kuwa, abokin hulɗata ya rubuta wa masu manhajar daga nasa asusun, suka amsa masa cikin kwana ɗaya, ni da na rubuta tun farko ko gezau. Sun ce za su buɗe min da hannu in na tura hoton shafin fasfona da hotona riƙe da shi ta imel. Nan kuma na tsaya. In tura?

Hajiya_Binta:
In harkar tana da muhimmanci ka tura, ya fi lambar haya sau dubu. Aƙalla asusun da sunanka yake.

Mai_Shakka:
Ta imel? Ni ba zan tura ba. Hoton mutum riƙe da fasfonsa shi ne ainihin abin da ake buɗe asusun kuɗi da shi da sunan wani. Ka tabbatar ma tukuna imel ɗin daga ainihin adireshin kamfanin ya fito. Ka tambaye su ko akwai wurin lodawa a cikin manhajar ko shafinsu, da kuma yaushe za su goge.

Akanta_Sani:
In dole ne, rubuta sunan manhajar da kwanan wata a takarda ka riƙe a cikin hoton, sannan ka sa rubutu a kan hoton fasfon cewa don wannan rajistar kawai. Wasu suna karɓa haka, wasu su ce sai hoto tsaf ba komai a kai.

Jarumi_Sak:
Shi abokin naka an nemi fasfonsa lokacin da ya buɗe nasa?

Abu_Fadila:
Na tambaye shi. Ya ce lambar waya kawai ya sa, ko minti ɗaya bai yi ba.

Likitan_Waya:
Kafin ka tura komai, ka gwada layin ɗaya kamfanin da na ce? Ba ka ba mu amsar wannan ba.

Abu_Fadila:
Layin matata ne kawai na wani kamfanin, kuma bayan labarin Hajiya ba na son asusun kasuwancina ya rataya a lambar da ba a hannuna take ba. Gobe zan sayi nawa in gwada. In bai yi ba sai in tambaye su maganar wurin lodawa da Mai_Shakka ya ce.

Dalibi_a_Sin:
Sabon layi fil ma wasu manhajojin suna zarginsa. Ka ɗan yi kira da shi na 'yan kwanaki kafin ka gwada, kuma ka kashe VPN in akwai a wayar.